Masara a Ɗakin Na'ura

Shekara tara ina kula da ɗakin na'ura a gidan kebul na Alhaji Labo da ke Funtuwa, inda muke tura tashoshin talabijin ta waya zuwa gidajen mutane. Aikin ba tsafi ba ne. Na'urar da kanta take faɗin ciwonta da fitila. Kore lafiya lau, rawaya a duba cikin mako, ruwan goro a duba yau, ja kuwa ko loma ce a hannunka ka ajiye ta. Ko akuya aka zaunar wata guda za ta haddace wannan.

Abdulmutallib bai haddace ba. Surukin Alhaji ne, aka naɗa shi manaja don ya yi kwas na sati biyu a Kaduna ya dawo da satifiket cikin gilashi. Iliminsa kaf magana ɗaya ce: in ba ja ba ce, ba matsala ba ce. Ni kuwa wuyana ne a kan wuƙa, don tun da hoto ya ɗauke da damina Alhaji ya rantse in aka sake yanke karatun malaminsa na ranar Juma'a, in ajiye masa makulli. 'Ya'yana biyar, ba ni da ko kunya ɗaya ta gona.

Da kaka ta yi, na zo da safe na tarar da buhun masara goma sha huɗu an jingine su a bayan na'ura, daidai inda iska take fita. Wai ɗakin ne mai sanyi, ga kwaɗo a ƙofa, ƙwari ba za su shiga ba. Na san a ƙasarmu duk ɗakin da ba ya yoyo rumbu ne, amma ban zaci haukan zai kai nan ba. Na ja buhu uku waje, Abdulmutallib ya sa leburori suka mayar, ya ce mai takardar firamare ba zai koya masa aiki ba.

Kwana biyu fitilar zafi ta yi rawaya. Ya ce ado ne. Ranar Laraba ta koma ruwan goro, na'ura ta fara kuka. Nan gwanin ya nuna basirarsa: ya kashe ƙarar, ya yanko baƙin salatif ya liƙe fitilar, ya karkaɗe hannu kamar wanda ya gama ginin masallaci. Ni kuwa tun fitilar tana rawaya nake ɗaukar ta hoto. Na tattara hotunan na tura wa Alhaji, yana gonarsa ta Ƙarfi, bai ko buɗe ba.

Ranar Juma'a bayan la'asar, Malam yana tsakiyar karatu, hoto ya ɗauke. Ɗakin ya cika da warin roba. Na ɓare salatif ɗin, fitila ja jawur. Abdulmutallib ya leƙo ta bayana, ya gyara hula.

"To, yanzu ne ta zama matsala," in ji shi.

Kafin magariba Alhaji ya iso. Ya wuce na'urar da ta ƙone bai ko dube ta ba, ya cusa hannu cikin buhu, ya ɗebo ƙwaya ya ciza, ya yi hamdala cewa ba ta taɓu ba. Ashe masarar tasa ce, shi ya ce a zuba ta nan.

Duk da haka na miƙa masa waya. Ya duba hoton rawaya, ya duba na ruwan goro, na bayyana masa ma'anar kowacce da ranar da ta kama. Ya saurara har na gama, yana gyaɗa kai, har na fara jin sanyi a raina.

"Ashe ka san duk wannan, Jibo," ya ce. "Tun tana rawaya kana kallo, ka bari ta kai ja? Ba Abdulmutallib makullin."