Gurbin da ke Gefen Verna

Wasiyyar Verna gajeriya ce: duk abin da na mallaka na mijina Hollis ne. Gida, mota, tukwane, har da keken ɗinkin da bai san inda ake taka shi ba. Abin da yake so ne kawai bai shiga ciki ba, gurbin kabarin da ke gefen nata.

A Texarkana suke zaune, garin da titi ya raba tsakanin jihohi biyu, suna ɓangaren Texas. Maƙabartar danginta kuwa tana tsallaken titi, a Arkansas. Lauyar da ya je wurinta tsohuwar ɗalibarsa ce a ajin tarihi.

"Malam, ƙasa ba ta bin mutum," in ji ta. "Dokar inda take ita ke hukunta ta. Mahaifinsu ya rubuta wa Verna da yayanta Dewey filin tare, wanda ya riga tafiya rabonsa ya koma wa ɗayan. Wasiyya ba ta taɓa shi."

"Shekara arba'in ina kwana gefenta ba wanda ya nemi takarda."

"A Texas ke nan, Malam."

Ranar sharar maƙabarta ta zagayo, ranar da dangi ke nome kaburbura, su sa furanni, su baje soyayyar kaza da burodin masara a inuwa. Hollis bai taɓa riƙe fartanya a wurin ba. A mota yake zama da littafi, har Verna ta gama. Bana ya fito, ya tarar ba wanda ya ajiye masa kujera.

Dewey na zaune kan bokiti, da sigari a baki, maiƙo a haɓa.

"A'a, shehin malami! Littattafan sun ƙare ne?"

"Yaya Dewey, wurin nan nake so."

"Yau kuma ni ne Yaya? Ba ni ne mai kan kabewa ba?"

"Kai ne har yanzu. Sayar mini."

"Uwata tana nan, ubana yana nan. In sayar maka in kwanta ina, a shagon littattafai?" Ya yi tari mai tsawo, ya tofar. Sai ya dubi sabuwar ƙasar da ke kan ƙanwarsa. "To ji nan, suruki. Rami ɗaya ne, tsofaffi biyu. Wanda ya riga mutuwa ya shiga. Zan sa lauyar nan taka ta rubuta."

Hollis ya koma gida. Ya dafa shayi kofi biyu bisa sabo, ya zubar da ɗaya. Ya zauna yana tuna tarin nan, da kitsen naman aladen da Dewey ke ci tun safe, da cewa mutumin ya girme shi nesa ba kusa ba.

Washegari ya tsallaka titi zuwa gidan Dewey da kwanon dafaffen ganye ba mai ba gishiri. Ya ɗauke kwalin sigari daga kan tebur ya sa a aljihu.

"Kai, mene ne haka?"

"Ci. Laraba zan kai ka wurin likita."

Tun daga ranar kullum sai ya je. Maƙwabta na cewa ba su taɓa ganin suruki mai zumunci irinsa ba. Shi kuwa in ya dawo, sai ya zauna a barandar Verna, ya kunna sigarin Dewey.