Lahadin Da Ƙafar Alade Ta Narke

A gidanmu da ke garin Sekondi a ƙasar Gana, ba a cewa an yi Lahadi sai an ci fufu da miyar kwakwar manja, da ƙafar alade a ciki. Mahaifina, Papa Bentsil, shi ke rabon nama. Yakan zauna a kujerarsa ta katako, ya ba kowa nasa, ya ware wa kansa babbar. In ya gama sai ya jera 'yan ƙasusuwan a bakin faranti, fes kamar an wanke su. Dokarsa ɗaya ce, kada ƙafar ta yi laushi. Wai nama sai ya yi kokawa da haƙori, wanda ya narke kuwa na jarirai ne. Shekara talatin ya yi yana aikin jirgin ƙasa, ba ya magana biyu.

To, a watan Maris likita ya cire masa 'yan haƙoran da suka rage. Tun daga ranar Papa ya daina fitowa cin abinci. Kullum wai ba ya jin yunwa, sai ya kurɓi koko a ɗaki ya tura ƙofa. Rabon nama ya koma hannun mijina Ebo, wanda ke yinsa yana waige kamar ɓarawo. Na kai wa Papa kifi, ya tambaye ni ko na ga ya yi kama da kyanwa. Na ce bari in dafa ƙafar ta yi taushi, ya ce ba a gidansa ba. Ina kallo mutum yana ramewa, wuyansa duk ya zama jijiya, abin yana ci mini rai ƙwarai.

Wata Asabar na sayo ƙafafu huɗu daga cikin ganga, jajaye da gishiri. Na jiƙa su suka kwana, na sauya ruwa sau biyu. Da safe na kankare su da wuƙa, na tafasa, na zubar da ruwan farko. Sannan na mayar da tukunya kan murhu a tsakar gida, da ɗan gawayin da na san zai mutu cikin awa guda, muka tafi coci. Papa bai bi mu ba, don ya ce ba zai yi waƙa da baki wayam ba.

Ashe ranar baƙon mai wa'azi aka kawo daga Tarkwa. Bawan Allah nan sau huɗu yana cewa "daga ƙarshe", kowane ƙarshe kuma da 'ya'yansa. Ba mu iso gida ba sai wajen ƙarfe biyu. Na ɗauka zan tarar da tukunya ta huce, sai na iske ta tana ɓararraka. Na ɗaga murfi, fata ta saki ƙashi, romo ya yi kauri har yana kama cokali. Ebo ya leƙa, ya ce a hankali, "Araba, yau kin shiga uku."

Ba yadda zan yi. Na tace kwakwa na zuba, na sa barkono da albasa, ban ƙara gishiri ba don naman ya zo da nasa. Ebo ya kama dakan fufu. Miya na nuna sai ga Papa ya fito, ya yafa zanensa a kafaɗa, wai ya zo ganin ɓarnar da ake yi masa a gida. Ya taɓa ƙafa ɗaya da cokali ta rabe biyu.

"Wannan kuma mene ne? Kunu?"

"Papa, wa'azi ne ya yi tsawo."

"Uwarki ba ta taɓa yi mini haka ba. Miƙo kwanon nan, Ebo, kai ba ka iya rabo ba."

Ya zauna a kujerarsa, ya raba, ya ware babbar. Yana ci yana faɗa. Ya ce an wulakanta alade, ya ce matan yanzu sai a hankali, ya ce a ƙaro fufu. Manja na bin gemunsa, yatsunsa na mannewa da romo, yana tsotsar ƙashi har da lumshe ido. Ni dai na sunkuyar da kai, don hawaye da dariya sun taho mini tare.

Garin sunkuyawar ne na hango maficin wuta a ƙarƙashin kujerarsa, da baƙin gawayi a gefen zanensa. Na dubi buhun gawayi, ya ragu sosai, bokitin ruwan da na cika da safe kuma saura rabi. Gawayin awa guda ai ba ya kai ƙarfe biyu da kansa. Ebo ma ya gani, ya buɗe baki, na taka masa ƙafa.

Papa ya jera ƙasusuwansa a bakin faranti, ya wanke hannu, ya yi gyatsa. Har ya kai ƙofar ɗaki ya juyo, fuska a murtuke.

"Mutumin Tarkwan nan, zai dawo Lahadi mai zuwa?"

Na ce ban sani ba.

Ya ce, "Ko wa ya hau mumbari, ki zauna har ya gama. Ba kyau a riƙa fita ana tsakiyar wa'azi."