Ƙaramar Kalma a Takardar Madam

Firdausi ta ɗora yatsa a kan layi na uku na takardar, ta sake karanta shi. *No tengo familia.* Madam, matar da ta yi alkawarin samo mata aikin reno a Sifen, ta ce ma'anarsa "ina gaida iyalina", ta haddace kawai domin jami'an iyaka.

Da ta tsaya a haddar, da ba ta gane komai ba. Amma mako uku ke nan tana bin darasin Sifaniyanci a waya, a bayan shagon ɗinkin babanta Malam Yunus a unguwar Ogui. Ta koyi cewa *tengo* na nufin "ina da", kuma duk aikatau da *no* ta gabace shi, an kore shi ke nan. Ba ni da iyali. Ta gangara layi na gaba. *Vine sola*, ni kaɗai na zo. Harafin *a* na ƙarshe na mace ne, su shidan da aka ba takardar kuwa duk 'yan mata ne. Na biyar ya ce ba wanda ya tilasta mata.

Mai reno me za ta yi da wannan rantsuwar?

* * *

Ta tarar da mahaifiyarta a tsakar gida tana ɗura yaji a kwalba, guzurin tafiyar jibi. Ta durƙusa ta fassara mata layukan ɗaya bayan ɗaya, ta kuma tuna mata cewa tun watan jiya fasfo yake hannun Madam, kuma matar ta san hanyar makarantar ƙannenta.

Uwar ta ci gaba da ɗura yajin. Can ta ce wataƙila waya ce ta yi kuskure, ai Madam har Babansu ta durƙusa ta gaisar, kuma an riga an yi addu'ar tafiya a masallaci.

"Umma, so suke in ce ba ki duniya."

"Rage murya, maƙwabta na ji."

Okada, babur ɗin haya, ta tsaya a ƙofar gida, suka yi tsit har ta wuce. Umma ta ɗauki murfin kwalbar, ta yi ta juya shi ya ƙi zama, yajin yana zuba a kan zanenta.