Saura Jinjirin Wata

"Ajiye wannan, ba ita ba ce," in ji Malam Rilwanu daga kan katifa. "Mai bakin lu'ulu'u ta miƙaƙƙen layi ce. Ɗauko mai 'yar tayar nan, ka tsoma ta a kananzir."

Sirajuddeen ya ɗauko ɗaya wuƙar yankan gilashin. Shekara talatin yana aikin ofis a Bonanjo, hannunsa bai san komai ba sai biro, yau ga shi maƙwabtaka ta mai da shi mayankin gilashi. Wata shida Malam Rilwanu ya yi yana haɗa tagar masallacin unguwarsu a New Bell da gilashi kala-kala, saura jinjirin wata ciwo ya kayar da shi. Ya ce ba ya son ya tafi ya bar tagar da giɓi. Koren gilashin da za a fitar da watan da shi kuwa guntu biyu ya rage.

Sirajuddeen ya ja layi, ya ga kamar bai fito ba, sai ya maimaita, yadda ya saba yi a takarda. Gilashin ya tsage gida uku.

Malam Rilwanu ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Monsieur, wannan ba dossier ɗin ofis ba ne. Sau ɗaya ake ja. In ka ji ƙara kamar ana yaga yadi, to ya shiga."

Matarsa Iyatu ta shigo da kunu. "Malam, ko cokali biyu."

"Bari wata ya fito tukuna."

Sirajuddeen ya yi bismilla ya ja layi a guntun ƙarshe, sau ɗaya tak. Ya shiga.

"Cikin lanƙwasar ne mai gardama," in ji Malam, murya ƙasa-ƙasa. "Ɗauki filaya mai faɗin baki, ka riƙa gutsura kaɗan-kaɗan. Doucement, a hankali."

Yana gutsura yana zufa, babura na wucewa a bakin titi.

"Nan ma?"

"Gutsura."

"Nan fa, Malam?"

Shiru. Sai ya ji Iyatu ta dire kwano, tana salati a hankali. Ya gane Malam ya cika, zuciyarsa ta karye, amma bai ɗaga kai ba. Ya ci gaba har ƙahon watan na ƙarshe ya fita lafiya.

"Ya fito, Malam," ya ce.

Ya ɗaga shi saitin ƙofa. Koren haske ya sauka a tafin Malam Rilwanu da ke buɗe a kan zane.