Kukun Garin Kaboyi

Zainulabideen yana dariya har da buga cinya, 'yarsa Hibatullahi kuwa ko murmushi ba ta yi ba. Ranar Juma'a ce, sun gama cin abincin rana a gidansu da ke unguwar Aƙiƙ a Madina, shi ne ya kunna mata wani tsohon fim ɗin kaboyi na barkwanci mai dogon zango da yake kallo yana yaro a Zariya, a talabijin ɗin maƙwabta, ta taga. Ya daɗe yana nemansa. Yarinyar a Madina aka haife ta, kwanan nan kuma ta rage hira da shi, abin yana cinsa.

"Ki duba mutanen nan," in ji shi. "Shugaban 'yan dokansu bai taɓa harbin kowa ba, da baki yake kashe rigima. In za a yanke shawara, alƙali da mai wanke dawaki duk hula ɗaya suke ɗagawa. A nan na fara ganin adalci, wallahi."

"Ɗayyib, na ji, Abba. To shi wancan fa?"

Ta nuna kukun garin, wani ɗan guntun baƙo da ke tsaye a bayan taron da tukunya a hannu. Bai ɗaga hula ba, don ba shi da ita. Da ya buɗe baki ya kwaɓa Turanci, sai dariya ta ɓarke, shi ma ya washe baki yana taya su.

"Ai shi ne daɗin fim ɗin!"

"Ya sunansa?"

Zainulabideen ya sake duban kukun. Shekara bakwai ya yi yana kallon mutumin nan. Kuku dai ake ce masa.

"Lesh, don me yake taya su dariya?" Ta sunkuyar da kai. "Kai ma haka kake yi a saidaliyya, kantinku na magani. Na gani ran nan."

Maganar ta soke shi, domin gaskiya ce. Shekara goma sha ɗaya yana aikin harhaɗa magunguna a wani kanti a titin Sultana, kuma akwai wani dattijo, Abu Sa'id, mai zuwa karɓar maganin suga. Ba mugu ba ne, har dabinon gonarsa yake kawo masa duk Ramadan. Amma "ya Muhammad" yake kiransa, kamar yadda ake kiran duk baƙon ma'aikacin da ba a damu da sanin sunansa ba, sannan ya kwaikwayi Larabcinsa, yaran kanti su kwashe da dariya. Shi ma ya yi. Da can yana ɗaukar hakan zaman lafiya ne.

Bayan la'asar ya tafi aiki, ta bi shi don ta jira mahaifiyarta su shiga kasuwa. Ta zauna a kujerar kusa da ƙofa, tana latsa waya. Sai ga Abu Sa'id da sandarsa.

"Ya Muhammad!" Ya lanƙwasa harshe yadda ya saba. "Magani akwai? Magani babu?"

Yaran suka fara dariya. Zainulabideen ya ji kumatunsa suna shirin bin su, abin da aka saba. Ya ga 'yarsa ta daina latsa wayar, amma ba ta ɗago ba. Tsoro ya kama shi, babu ɓoyewa: dattijon abokin mai kantin ne, a hannun mai kantin kuma takardun zamansa suke.

Ya ajiye kwalin maganin a kan kanta, fuskarsa ba yabo ba fallasa.

"Ya ammi," wato baffa, ya ce da Larabci, a hankali, "sunana Zainulabideen."

Dariyar ta tsaya cak. Har ƙarar na'urar sanyaya ɗaki ana ji. Abu Sa'id ya dube shi, ya dubi katin sunan da ke maƙale a ƙirjin Zainulabideen tun shekara goma sha ɗaya, ya gyara tabarau.

"Duktur Zainulabideen," in ji shi. Ya ɗauki maganinsa. "Kafin abinci ko bayan abinci?"

Karo ɗaya ya faɗi sunan, tsaf, ko tuntuɓe bai yi ba. Ashe bai taɓa yi masa wuya ba.

"Kafin abinci," in ji Zainulabideen. Ya saka hannunsa a aljihun farar rigarsa. Hibatullahi ta tashi daga bakin ƙofa, ta jawo kujerarta kusa da kanta.