Maganin Tari a Gwangwanin Shayi

Tarin fukar Yaya Bukar ya ƙi jin ƙwayoyi, sai likita ta ɗora shi kan allura kullum. Ta faɗa wa ƙanwarsa Raudatu cewa allurar tana kashe cutar, amma tana cin kunne. Ta rubuta wani garin magani mai ƙanshin lemo, a jiƙa a ruwa safe da yamma.

"Ba alkawari na yi miki ba," in ji likita, "amma yana iya kare kunnen daga dafin allurar."

Raudatu ta kai kwalin maganin gidansu a unguwar New Bell, ta ba Inna. A jikinsa an zana mutum yana tari, don asalinsa maganin majina ne. Ta yi bayani a hankali, kanta a ƙasa. Inna ta ce to. Raudatu ta koma unguwar Bonamoussadi inda take koyarwa.

Damina ta yi nisa kafin ta samu zuwa. Ta tarar da Bukar a zaure yana goge bensikin ɗinsa, babur ɗin hayar da yake ciyar da gidan. Ta yi sallama daga bayansa. Bai waiwayo ba.

"Yaya!"

Sai da inuwarta ta faɗa kan tankin mai sannan ya juyo.

"Madam Farfesa! Kin koyi sanɗa ne a makarantar?" Muryarsa ta yi ƙarfi fiye da zauren.

A ɗaki ta buɗe gwangwanin shayin da Inna ke ajiye magani. Babu komai.

"Ai tarin ya tsaya tun tuni, alhamdulillahi," in ji Inna. "Me zai yi da maganin tari? Yaran maƙwabciyarmu Delu duk suna ta tari da ruwan saman nan, na rarraba musu."

"Inna, na kunne ne."

"Ga mutum yana tari a jikin kwalin, ke kuma."

Washegari likita ta gwada kunnuwan. Ta ce abin da ya tafi ba ya dawowa, allurar kuma ba ta ƙare ba.

A hanyar gida Bukar ya dage shi zai tuƙa. Wata tirela daga tashar jirgin ruwa ta biyo bayansu tana ta hon. Masu talla suka watse. Bukar yana tsakiyar titi, yana ba ta labarin fasinjojin da ke jiransa.

Raudatu ta daki kafaɗarsa da ƙarfi. Ya kauce, tirelar ta wuce da iskarta.

"Kin ga ɗan iska?" ya yi ihu. "Ko hon bai yi ba!"