Shirun da ke Kaset ɗin Iya

Jiya da dare Malam Ɗayyabu ya yi wani mafarki, ni kuwa ban yi mamaki ba, don abin da mutum ya kwana da shi a rai shi yake gani. Bawan Allahn nan ya haye hamsin, amma in aka zo zancen sifika sai ka ce yaro da sabon keke. Falonsa kamar gidan rediyo. Mutane na cewa son kiɗa ne, alhali wani tsohon kaset guda yake ta saurara.

Kaset ɗin na wata ranar Salla ne, shekarar da ƙanensa Ashiru ya sayo rakoda. Ya ajiye ta gaban mahaifiyarsu, Iya Tasalla, tana cikin rabon tuwo, ya ce ta sa wa 'ya'yanta albarka. Ta kira kowa da sunansa. Amma a farko, inda sunan Ɗayyabu ya kamata ya fito, sai ta ɗan yi shiru, sannan ta wuce kan ƙanwarsa Rakiya. Shi ne ɗan fari, Iya kuwa mutuniyar da ce, kunya ba ta bari ta kama sunansa. A hannun kakarsa ma ya tashi. Shi dai ransa na ba shi cewa ta faɗa can ƙasa-ƙasa, sifikokinsa ne suka gaza. Yanzu Iya ta tsufa, tana ɗakin baya a gidansa, ƙarfinta kullum ja da baya yake. Tsoronsa kada ta tafi bai taɓa jin sunansa a bakinta ba.

To, a mafarkin sai ya gan shi a kasuwar dabbobi da rana tsaka, kaset a aljihu. Babu sa, babu rago. Sifikoki ne ɗaure a turaku suna cin dusa, masu saye na ɗaga musu yadin fuska suna duba haƙora. Dillalin wani jemage ne, yana rataye a reshen darbejiya, kai ƙasa, hularsa ko motsi.

"Maraba da mai kunne," in ji jemage. "Me za a jiyar da kai?"

"Shiru."

"Na gida ko na daji?"

"Na uwa."

"Af! Wannan sai manya. Biyo ni."

Sifika na farko wani baƙi ne ƙato, ya kai rumbu. Aka ba shi kaset ya tauna. Muryar Iya ta fito da kauri kamar daga rijiya, ƙasa ta girgiza, hular Ɗayyabu ta sauka ta nemi wani kan ta zauna. Da aka zo wurin shirun, sai ya ji dakan maƙwabta, da wata motar kaya tana hawa tudu can nesa, har da kukan cikin Ashiru.

"Wannan da ƙirji ake jin sa," in ji jemage.

"Na ji. Amma ya mai da Iya sarkin pawa. Muryarta ba haka take ba."

Sifikan ya ji haushi, ya juya musu baya.

Sai ga su a tsakiyar kogi, ruwan na gudu yana hawa dutse, ko gefen rigarsu bai jiƙe ba. Ta biyun na tsaye da ƙafa ɗaya, fara, siririya. Ita haɗiye kaset ɗin ta yi. Sautinta ya fito tar, kowane harafi da tsininsa, har wasu suka maƙale a rigar Ɗayyabu sai da ya karkaɗe. A wurin shirun ta kawo ƙarar awarwaro, da fiffiken sauro, da wata tururuwa da ta yi tari a gindin murhu.

"Ba abin da ke wuce ta," in ji jemage.

"Haka 'yan gulma suke. Ta faɗi komai, kunnena ya gaji, abin da na zo nema babu."

Ya faɗi haka da dariya, amma jikinsa ya yi sanyi. Idan mai jin tarin tururuwa ba ta ji sunan ba, ai kuwa ba a faɗe shi ba. Ya zauna a kan ruwan ya rafka tagumi.

"Saura ɗaya," in ji jemage. "Ba ya jan 'yan kallo. Ba ya ƙari, ba ya ragi, kowa yana ajiye shi inda ya zauna."

Sai ga su a tsohon gidansu. Na ukun na kwance gindin bishiyar lemo yana tuƙa, akwatinsa na icen maɗaci, ba babba ba. Bai tauna kaset ba, shinshina shi kawai ya yi. Nan take tsakar gida ta cika. Ashiru na hagu da rakodarsa, Rakiya na dama tana fifita wuta. A tsakiya ga Iya da ƙuruciyarta, zaune gaban tukunya, ta ba Ɗayyabu baya kamar kullum. Muryarta ce sak, da 'yar dishewar nan ta hayaƙin murhu. Sai da ya ji ƙwalla ta zo masa.

Aka iso wurin shirun.

"Ƙara sauti!" in ji Ɗayyabu.

"Ba a ƙara wa shiru sauti. Matsawa ake."

Ya matsa. Tun yana yaro bai taɓa zama kusa da ita haka ba. Leɓenta bai motsa ba, ko kaɗan. Hannunta ne ya motsa. Ludayi ya nutse can ƙasan tukunya ya lalubo tsoka, ya sauke ta a hankali cikin wata 'yar langa mai tsagaggen fenti. Ta ɗora murfi, ƙwas. Ta tura langar bayan turmi, sannan ta buɗe baki ta ce, "Allah ya yi wa Rakiya albarka."

Ya san langar. Ita ce ke zuwa ɗakin kakarsa kowace yamma, ba a taɓa cewa ga wanda ya aiko ba, shi ma bai taɓa tambaya ba.

"Amma ba sunana ba ne," ya ce.

"Ɗayyabu nawa ne a garinku?" in ji jemage.

"Da yawa."

"Langar nan fa, mutum nawa take kira?"

Ɗayyabu ya ƙura wa langar ido. Ya ce a sake masa wurin. Sifikan ya sake, ƙwas. Ya ce a ƙara. Jemage ya tashi sama da ƙafafu, bishiyar lemo ta naɗe inuwarta ta bi shi, gidan ya fara dushewa, amma murfin bai daina ba.

Ƙwas.

Ya buɗe ido. Gari ya waye, manyan sifikokinsa na tsaye a falo ba mai cewa uffan. A bakin ƙofa ga Iya, ta dogara sanda, ta sunkuya da ƙyar ta ajiye kunu a langa ta rufe. Ko jiya an roƙe ta ta daina tashi, amma wa ya isa? Ta juya fuskarta ga bango, ta yi wa bangon magana.

"A gaya wa mutanen ɗakin nan kunu zai huce."

"Na'am, Iya!"

Ya faɗa da ƙarfi har ita kanta ta zabura. Ta ja mayafi ta rufe baki.

"Ji min ja'iri," ta ce wa bango. "Wa ya kira ka?"

"Na dai ji," in ji shi, ya sauko ya ɗauki langar da hannu biyu.